Sirrin da Anchan Ta Kai Talabijin

Kira arba'in da ɗaya Anchan ta yi wa Thawin cikin kwana uku, bai ɗaga ko ɗaya ba. A rana ta huɗu ko ofis ba ta leƙa ba, ta hau motar farko mai barin Bangkok zuwa Chanthaburi.

Ko a cikin motar ba ta tsira ba. 'Yan mata biyu a kujerar gabanta sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna sake kallon kashi na takwas na *Kujerar Bakin Taga*, wasan 'yan sakandaren da ya hana kowa sakat tun da aka fara nuna shi.

"Dubi uwar nan, dubi yadda take ɗaura filon," in ji ɗayar tana share ido. "Duk wanda ya rubuta wannan ya san ciwo."

Anchan ta mai da fuskarta ga taga. Ita ta rubuta shi, kuma ciwon ba nata ba ne.

Shekara goma sha ɗaya suna tare da Thawin, tun suna ajin ƙarshe na sakandare, ita a gaba tana rubuce-rubuce a bayan littafin lissafi, shi a baya yana gyangyaɗi saboda sammakon ban ruwa a gonar gidansu ta duriyan, manyan 'ya'yan itacen nan masu ƙaya. Mahaifiyarsa, Mae Lamduan, wato Inna Lamduan, mai soya taliyar ƙaguwa a kasuwar bakin kogi, ba ta taɓa sonta ba. Takan ce macen da ke ƙaga ƙarya ta sayar, ran da ƙarya ta ƙare mata gaskiyar gidan mijinta za ta kai kasuwa. Shekara huɗu Thawin yana lallashi kafin tsohuwar ta sauko. Watan jiya ne aka je wurin babban malamin haikali ya zaɓa musu rana, tara ga Nuwamba.

Shekara biyu da suka wuce, wata yamma suna zaune a bayan motarsa a bakin gona, ya ce tunda za ta zama 'yar gida, gara ta san abin da gidan ya rufe. Chomphu, autar gidansu, ba ƙanwarsa ba ce. 'Yar ƙanwarsa Prang ce. Prang tana da shekara sha shida wani ɗan ƙungiyar busa ta makarantarsu ya yi mata ciki ya gudu. Aka kai ta wurin kakarsu a ƙauye, aka ce ciwon ƙirji take yi. Mae Lamduan ta ɗinka filo uku ta cusa musu audugar rimi, ƙarami da matsakaici da babba. Wata biyar tana ɗaura su a ƙarƙashin riga, tana tsaye a gaban wuta a kasuwa, mata na yi mata ba'ar cikin tsufa tana taya su dariya. Da aka haihu a ƙauyen ta dawo da jaririya a hannu, gari duka ya zo barka.

Ranar Anchan ta yi kuka, ta rantse masa ko uwar da ta haife ta ba za ta ji ba.

Sai bara, ranar da Phi Chakrit, wato Yaya Chakrit, daraktan shirin, ya wurgo mata rubutunta a gaban marubuta bakwai.

"Wannan ba jini a jikinsa, Nong Anchan, ƙanwata. Yaran nan naki kamar 'yan tsana. In ba ki da abin da ya taɓa ƙona ki, ki koma rubuta tallar sabulu."

Kunya ta rufe ta, bakinta ya riga hankalinta. "Akwai labarin wata ƙawata," ta ce. Da ta kawo kan filo uku, ɗakin ya yi tsit. Tun daga ranar Phi Chakrit ya fara kallonta da wani ido. Sau uku yana gayyatarta cin abinci a gidan mahaifiyarsa, yana cewa manomi ba zai san darajarta ba, sau uku tana nuna masa zoben Thawin.

Ta sauya sunaye, ta sauya gari, ta mai da uwar mai sayar da fure. Filon nan uku ne kawai ta kasa cirewa. Kullum tana cewa gobe za ta gaya wa Thawin. Goben ta yi wata goma ba ta zo ba.

* * *

A gona ta same shi da hantsi. Mai yanka na can saman bishiya yana sako duriyan, shi yana ƙasa yana cafewa da buhu. Ya gan ta sarai, amma sai da ya cafe guda uku kafin ya ɗaga hannu a dakata.

"Thawin..."

"A'a, marubuciya ce," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "An zo ɗibar sabon labari? Kin makara. Wanda muke da shi kin riga kin kwashe."

"Ka tsaya ka ji ni."

"Na ji ki ai. Ƙasar nan duka ta ji ki ranar Asabar."

Ya jefar da buhun, ya juyo. Idanunsa sun yi jajir, gemu ya fito masa, kamar ba Thawin ɗinta mai aski duk safiya ba.

"Kin san wa ya tara mu a gaban talabijin? Chomphu. Duk Asabar sai ta jira ƙarshe ta ga sunanki ya wuce, ta yi tafi. Ta gaya wa duk 'yan ajinsu matar yayanta ce ke rubutawa. Ranar nan Prang ta zo hutun ƙarshen mako, Chomphu ta jawo ta, ta jawo Mae daga kicin, wai dole kowa ya kalla. Muna zaune, Anchan. Muna cin abinci. Matar nan ta buɗe akwati ta fito da filo uku."

Muryarsa ta karye. Duk da haka ya ci gaba.

"Farantin Prang ya faɗi. Mae ta tashi ta shige ɗaki. Ita kuma yarinyar tana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Shekararta sha ɗaya, ba sakarya ba ce."

Hawaye suka wanke wa Anchan fuska. "Na canza komai, na ɗauka ba wanda zai gane."

"Kin canza? Ranar Lahadi mai kwakwar da ke kusa da rumfar Mae ta ce da ƙarfi, kowa na ji, 'Shi ya sa ran da muka yi karo da ke na ji cikin kamar katifa.' Ranar Litinin yara suka cusa jakunkuna a riga suna bin Chomphu a filin makaranta suna ɗingishi. Tun ranar ba ta koma ba."

"Tsoro na ji, Thawin. Za su kore ni. Shekara shida ina rubuta abin da ba a nunawa..."

"Da sun kore ki, da kin dawo gida na aure ki." Ya faɗe shi a hankali, hakan ya fi mata zafi fiye da tsawa. "Mutum ɗaya na taɓa gaya wa a duniya. Mae ta tambaye ni wa na gaya wa, na kasa ko yi mata ƙarya, don sunanki na rubuce a gilashin talabijin."

"Ka kai ni wurinta. Ko dukana za ta yi, ka kai ni."

Ya ɗauki mabuɗin mota.

* * *

Mae Lamduan na kishingiɗe a gadon katako a barandar gida. Kwana huɗu ke nan ba ta kunna wuta a kasuwa ba. A gefenta Kesorn ce zaune tana kwance mata abin awon jini daga hannu. Kesorn ma'aikaciyar jinya ce, 'yar aminiyar Mae, kuma ita tsohuwar ta so wa Thawin tun farko.

Anchan ta cire takalmi, ta rarrafa da gwiwa har gaban gadon. Ta fito da sarƙar fararen furanni da ta sayo a tasha, ta ɗora a tafukanta, ta kai goshinta ƙasa kusa da ƙafafun tsohuwar.

"Mae, na yi laifi. Na zo neman gafara."

Mae Lamduan ta janye ƙafafunta.

"Uwarki na can bayan tasha, ki kai mata sunan. Kesorn, matsa mata, wataƙila da kyamara ta zo."

"Jininki ya hau, Mae, kada ki yi magana da yawa," in ji Kesorn, tana naɗe igiyar abin awon ba ta ko kalli Anchan ba.

"Bar ni in yi. Shekara sha ɗaya ban yi ba." Tsohuwar ta yunƙura ta zauna. "Na ga matar da kika sa ta zama ni. Kyakkyawa da ita, tana ɗaura filo ana kaɗa mata kiɗa mai daɗi. Kin san yadda auduga ke yi a jikin mutum a gaban wuta a watan zafi? Fatar cikina ta saluɓe, har yau tabon na nan. In na dawo gida sai ubansu ya jiƙa tsumma ya ɓamɓare min zanen da na ɗaure da shi. Ban taɓa kuka a kasuwa ba ko sau ɗaya. Don me? Don 'yata ta koma makaranta ta gama kamar 'ya'yan kowa. Don jikata ta tashi ba wanda zai nuna ta da baki. Na yi nasara, yarinya. Na ci wannan yaƙin. Sai ga ki."

Kuka ya ci ƙarfin Anchan, ta kasa ɗago kai.

"Uwar Kesorn ce ta karɓi haihuwar nan. Kesorn na da sha bakwai ta riƙe fitila. Kin taɓa ji a bakinsu? Ba wanda ya rantsar da su. Ke aka rantsar."

"Mae, duk abin da kika ce in yi zan yi. Zan bar aikin. Zan fita in ce ƙirƙira ce..."

"Ruwan da ya zube a ƙasa za ki kwashe da me?" Ta juya ga ɗanta da ke tsaye a bakin matakala. "Kai kuma ka ji da kyau. Malami ya zaɓi tara ga Nuwamba, rana ce mai kyau, ba za a yi asararta ba. Ranar tana nan. Amarya ce za ta canza."

Kesorn ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Anchan ta ɗago ta dubi Thawin, tana jira ya ce wani abu, ko kalma ɗaya, kamar yadda ya yi ta faɗa shekara huɗu.

Thawin ya kalli ƙasa.

"Ɗauki furenki," in ji Mae Lamduan. "Ban mutu ba tukuna, balle a ajiye min fure."

* * *

Ba ta san yadda ta sauko matakalar ba. Ta zagaya bayan gida wurin randunan ruwa don ta wanke fuska kafin ta fita titi. Tana sunkuye ta ji an ce, "Phi Anchan."

Chomphu ce zaune a kan wata randa da aka kife, ta rungume gwiwoyinta. Gashinta na nan daidai kunne kamar yadda makaranta ta ce, amma da gani kwana biyu ba a taje shi ba.

"Chomphu..." Anchan ta durƙusa a gabanta. "Ki yafe min. Ki yafe min, ƙanwata."

"Ke kaɗai ce ban rasa abin da zan kira ki ba," in ji yarinyar. "Phi Thawin wai kawuna ne. Mae kakata ce. Jiya na ce 'Mae' a tsakar gida, ita da Phi Prang duk suka juyo."

Anchan ta toshe bakinta da hannu.

"Ba kuka na ce ki yi ba. Tambaya zan yi miki." Ta matso. "Yarinyar nan ta cikin wasan, da ta haihu, ta so jaririyar?"

"Ki tambayi Phi Prang, ita za ta..."

"Tun jiyan ta kulle kanta a ɗaki. In na ƙwanƙwasa sai in ji tana kuka, ba ta buɗewa. Mae ta ce ƙarya ce duka, amma ba ta kallon idona. Ba wanda ke gaya min komai a gidan nan." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ba komai. Jibi Asabar. Mae ta cire wayar talabijin, amma zan kalla a wayar ƙawata. Tunda ke kin san komai, a can zan gani."

Kwana huɗu Anchan tana kukan kashi na takwas, ba ta bari zuciyarta ta taɓa na tara ba.

Don yammar nan a bayan mota ba filo kaɗai Thawin ya gaya mata ba. Akwai abin da ko Mae Lamduan ba ta sani ba. Kwana tara da haihuwa, Prang ta naɗe jaririyar a tawul, ta fita da rana tsaka kowa na barci, ta ajiye ta a benci a tashar motar ƙauyen, ta juya ta tafi. Thawin ne ya farka bai gan su ba. Ya tarar da Prang a bakin hanya tana tafiya kamar wadda ba ta cikin hayyacinta, ya ruga tasha ya sami jaririyar tana tsala kuka, tururuwa sun fara hawa tawul ɗin. Ya dawo da su gida kafin kowa ya tashi. Su biyu suka binne maganar.

Kuma Anchan ta rubuta shi. Bencin, tawul ɗin, har tururuwan. Minti bakwai cur, an ɗauka, an tace, an kai tashar talabijin. Phi Chakrit ya ce fitowar nan ce za ta ciyo musu lambar yabo.

"Phi Anchan? Ta so ta?"

"Ta so ta," ta ce da wata murya da ba tata ba. "Ki jira ni a nan."

Ta sami Thawin a jikin motarsa a ƙofar gida. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ta san in ta tsaya neman kalma ba za ta iya ba.

"Bencin tasha yana cikin kashi na tara."

Da farko kamar bai gane ba. Sai ta ga jini ya bar fuskarsa. Ya dafa motar.

"Har shi?"

"Har shi."

"Anchan, me muka yi miki?" Ba faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai. "Prang ba ta ci abinci ba tun Asabar. In yarinyar nan ta ga an ajiye ta a benci kamar kayan da aka manta, in Mae ta gani... Kin san Prang ba za ta kai Lahadi ba?"

"Na sani."

"To ki hana. Ba don ni ba, ni kin riga kin rasa ni. Don su."

"Ba ni da iko. Mutum ɗaya ne zai iya cirewa."

"Kira shi."

Ta danna lambar, ta buɗe murya don kada ya ce ta ɓoye masa wani abu kuma. Bugu biyu aka ɗaga.

"Tauraruwata! Ina kika shiga? Tasha na nemanki, suna son zango na biyu."

"Phi Chakrit, fitowar benci. Ina roƙonka a cire ta. Ba ƙirƙira ba ce. Jaririyar tana raye, shekararta sha ɗaya, kuma za ta kalla."

Dariyar ta bar muryarsa.

"Na daɗe da sanin ba ƙawarki ba ce. Kin san abin da kike nema? Saura kwana biyu. Sai na je da kaina na durƙusa wa manyan tasha, in sake zama da masu tacewa, in jefar da abu mafi kyau da na taɓa ɗauka. Wa ke yi wa ma'aikaciyarsa haka, Nong Anchan? Ba wanda ke yi." Ya numfasa. "Amma mutum yakan yi wa wadda zai aura. Sau uku ina tambayarki. Gobe Juma'a mahaifiyata na gida, ta daɗe tana son ganinki. Ki zo ba zobe a hannunki, ni kuma in shiga ɗakin tacewa yau ɗin nan."

Anchan ta ɗago ta dubi Thawin. Shekara sha ɗaya ta san fuskar nan, ta san yadda take in zai ƙwace waya ya zagi mutum. Ta jira ya ƙwace.

Bai ƙwace ba. Ya waiwaya ya kalli gefen gida, inda Chomphu ta leƙo daga bayan randuna tana jira kamar yadda aka ce mata. Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu, bai share ba. Ya miƙo mata tafin hannunsa a buɗe.

"Ce masa to," ya ce a hankali.

"Nong Anchan?" in ji muryar cikin wayar. "Kina ji na?"

Ta kama zoben ta ja. Shekara biyu bai taɓa barin yatsanta ba, ya ƙi fita. Ta murɗa, ta sake murɗawa har fatar ta yi ja, Thawin yana tsaye hannunsa a miƙe yana jira.